Dasa icen ƙamshi a tsakar gida a Damagaram

Kada ki ɓata kuɗinki a kan magnoliya. Icen ƙasa mai danshi ne, irin ta kudancin ƙasar Amurka. Rairayinmu da zafin bazara ƙone ta za su yi. In furen ƙamshi kike so, dasa lalle.

Da ruwa ya zauna a watan Yuli, yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawon santimita 30. Haƙa rami kamu biyu, ki cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, ya kuma jawo gara.

Binne rabin reshen, idanunsa na kallon sama. In ba a yi ruwa ba, zuba rabin bokiti duk bayan kwana biyu, da marece. Ya wuce haka, gindin ya ruɓe.

Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.