Kurakuran da Ke Sa Hasashen Manhajar Makamashi Ya Saɓa wa Mita

Idan aka kammala gini aka tare, sau da yawa wutar da yake sha takan zarce abin da manhaja ta yi hasashe, sai a ɗora wa manhajar laifi. Amma manhajoji irin su EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, ana gwada lissafinsu bisa ma'auni mai lamba 140 na ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini ta Amurka, saboda haka ɓarakar ta fi fitowa daga bayanan da injiniya ya zuba musu.

Babban kuskure shi ne ɗaukar samfurin gini (wato kwaikwayon ginin a cikin manhaja) da aka yi don cika ƙa'idar hukuma a matsayin hasashen kuɗin wuta. Aikinsa kawai kwatanta ginin da wani gini na misali a ƙarƙashin sharuɗɗa iri ɗaya. Maganin wannan shi ne a gina samfuri na biyu da zai ƙunshi lif da ɗakin saba (manyan kwamfutocin adana bayanai) da fitilun waje, kamar yadda jagorar TM54 ta cibiyar injiniyoyin kayan aikin gini ta Birtaniya (CIBSE) ta tanada tun 2013.

A ganina, jadawalin amfani da gini ya fi komai yaudara. Injiniya yakan rubuta cewa ana tashi aiki da ƙarfe biyar, alhali masu shara na ciki har dare da fitilu a kunne, an bar kwamfutoci ba a kashe ba, wani kuma ya buɗe taga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Manhaja tana lissafa sa'o'i 8,760 na shekara, don haka kuskuren sa'o'i biyu a kullum yakan taru ya yi yawa. Ya kamata a zauna da mai kula da ginin a ji yadda ake amfani da shi, a kuma ɗaura ƙananan mitoci a kan manyan layukan wuta na 'yan makonni.

Fayil ɗin yanayi na TMY, wato bayanan yanayin shekara ta misali da ake zuba wa manhaja, haɗe-haɗen watanni ne da aka tsinto daga shekaru da dama, kuma galibi daga tashar filin jirgin sama, inda zafi bai kai na tsakiyar birni ba. Duk mai son kwatanta hasashe da mita sai ya nemi bayanan ainihin shekarar da aka auna. Iskar da ke kutsowa ta kafofin ƙofa da taga ma aunata ake yi, da fankar gwaji a matsin iska na faskal 50.

Akwai tarko wajen daidaita samfuri da mita. Jagorar ASHRAE ta 14 ta amince da bambanci tsakanin hasashe da mita da bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba a bayanan wata-wata, sai wasu su yi ta murɗa alƙaluma har jimilla ta dace. Idan an ƙara wa fitilu an rage wa sanyaya, kurakuran biyu za su rufa wa juna asiri, kuma asirin zai tonu ranar da aka yi amfani da samfurin wajen ƙiyasta ribar sauya na'ura. Don haka a daidaita kowane ɓangare da mitarsa, a kuma rubuta dalilin kowane sauyi.