Ku riƙa duba dasashin yaranku

Salamu alaikum, iyaye mata. Shawarata ita ce: duk sati, lokacin wanka, ki ɗaga leɓen yaronki a wurin haske ki duba dasashinsa. Musamman 'yan shekara 2 zuwa 6, wanda aka yaye, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba.

Cutar noma nake nufi, wadda ake kira zaizayar baki. Da ƙaramin kumburin dasashi take farawa, ga jini, ga yawu na zuba, ga warin baki mai tsanani. Kafin ki ankara kunci ya kumbura ya yi duhu, cikin kwanaki kaɗan naman ya fara cinyewa. Bincike ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa, alhali in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Ba maita ba ce, ba a kuma ɗaukar ta daga wani, don Allah a daina ɓoye yaro a ɗaka ana shafa masa jiƙo.

Mu a Sakkwato ma mun yi dace, Asibitin Noma na nan cikin gari tun 1999. Kina ganin dasashi na jini da wari, ki ɗauki goyonki ku tafi a ranar.