Yadda nake koyar da darasin Ruwanda bayan kisan ƙare-dangi

Malam, in za ka shiga aji da darasin Ruwanda, kada ka ƙarar da lokacinka kan adduna da gawarwaki. Faɗa musu gundarin abin a taƙaice: daga 7 ga Afrilu 1994, cikin kwana ɗari, an kashe mutum kusan 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi, tare da 'yan ƙabilar Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan. Gwamnatin Ruwanda ta ce adadin ya haura miliyan ɗaya. Daga nan ka wuce zuwa abin da aka yi da makasan, don a nan darasin yake.

Ni nakan rubuta 120,000 a allo. Kusan yawan mutanen da ke tsare ke nan a ƙarshen shekarun 1990, alhali alƙalai da lauyoyi an kashe wasu, wasu sun tsere, har aka yi lissafin cewa shari'arsu za ta ci sama da shekara ɗari. Sai in ce wa ɗalibai: ku ne gwamnati, yaya za ku yi? Wani zai ce a harbe su duka, wata ta ce a yafe a bar wa Allah. Kame bakinka, bar su su kai ruwa rana.

In sun gaji, sai ka kawo musu kotunan gacaca, wato kotunan al'umma da aka gina bisa shari'ar gargajiyar Ruwanda. An fara gwada su a 2002, aka rufe a 2012. Kotuna kusan 12,000 ne a ƙauyuka da unguwanni, jama'a suka zaɓi alƙalai daga cikinsu bisa shaidar amana, aka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu a fili, gaban kowa. Jaddada musu sharaɗin sassauci: sai mutum ya amsa laifinsa, ya faɗi abokan aikinsa, ya nemi gafara, kafin a rage masa hukunci, wani ɓangare ya yi shi a aikin al'umma. Ta wannan hanya iyalai da yawa suka san ramin da aka jefa 'yan'uwansu, suka tono su suka yi musu jana'iza. Ɗalibanmu suna da saurin cewa "a yi haƙuri". Nuna musu cewa a can sai da aka faɗi wanda ya kashe wa, da inda aka binne shi.

Amma kada ka shafa wa gacaca mai. Wanda ake tuhuma ba shi da lauya, an tsorata shaidu, an kashe wasu, kuma kisan da sojojin RPF ('yan tawayen da Tutsi ke jagoranta, waɗanda suka karɓi mulki a 1994) suka yi bai shiga hurumin kotunan ba. Malamin da ya ɓoye wannan farfaganda ya yi, ba tarihi ba.

Wani gargaɗi: kada ka raba aji biyu, waɗannan Hutu, waɗancan Tutsi, da sunan wasan kwaikwayo. Sunan zai bi yaro har filin ƙwallo.

Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ba ta buƙatar dogon bayani. Mutum 93 ta tuhuma kafin a rufe ta a 2015, akasarinsu manya ne, ciki har da firaminista Jean Kambanda da ya sha ɗaurin rai-da-rai. Tsaya kan shari'ar Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba, a 1998: a nan ne wata kotun ƙasa-da-ƙasa ta fara kama mutum da laifin kisan ƙare-dangi, ta kuma yanke cewa fyaɗe na iya zama wani ɓangare na laifin. Ɗalibai mata sukan fi kowa tambaya a nan, ba su lokaci.

Batun duniya ka bar shi ƙarshe. Tun Janairu 1994 Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, ya aika gargaɗi hedkwatar Majalisar da ke New York cewa ana tara makamai. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu ya rage dakarunsa zuwa 270. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, Ibrahim Gambari ke wakiltarta, kuma tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka nemi a ƙara soja maimakon ragewa.

Aikin gida kuwa, shafi ɗaya ya isa: bazawara ce, wanda ya kashe mijinta ya amsa laifi, ya gama wa'adinsa, ya dawo gidan da ke jikin nata. Su rubuta abin da hukuma za ta tanadar mata kafin ranar dawowarsa, da wanda zai biya kuɗin.