Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koyon Karatun Tsoffin Waƙoƙin Turanci

Kuskure na farko shi ne ɗaukar tsohon Turancin Ingila a matsayin abu ɗaya. Harshen da aka rubuta doguwar waƙar jarumta mai suna Beowulf da shi, kafin Normawa daga arewacin Faransa su ci ƙasar a 1066, sai an zauna an koyi nahawunsa kamar baƙon harshe, domin ƙarshen suna yakan sauya gwargwadon aikinsa a jimla. Na mawaƙi Geoffrey Chaucer kuwa, wanda ya rasu a 1400, mai jin Turancin yau zai iya kutsawa cikinsa da ƙamus a gefe, saboda haka da shi ya kamata a fara.

Amma babban kuskuren a baki yake. Ɗalibai da yawa suna karanta baitocin da ido kawai, ko su furta su da lafazin yau, alhali dogayen wasulan Turanci sun sauya sauti tun daga ƙarni na 15. A nan mai karanta Hausar boko ya yi sa'a, domin yadda muke furta a, e, i, o, u ya fi kusa da bakin Chaucer fiye da na mutumin Landan na yanzu. Kalmar "lyf" ana jan ta ne a ce "liif", "hous" kuma "huus". A "knyght" ba harafin da ake haɗiyewa: a furta k, a gurzo gh daga ganɗa. Haka nan e ta ƙarshen kalma sau da yawa gaɓa ce mai zaman kanta, sai dai takan faɗi idan wasali ya biyo ta. Wanda ya zubar da ita ko'ina zai ji baiti mai gaɓa 10 yana ɗingishi, ya ɗora wa mawaƙi laifin karya kari. Maganin shi ne karatu da babbar murya, ana ƙirga gaɓoɓi da yatsu.

Sai kalmomin da suka yi kama da sanannu, waɗanda a ganina sun fi baƙin kalmomi haɗari, tunda ba mai tunanin duba su. "Nyce" wawa take nufi, "sely" mai albarka ko marar laifi, "mete" kuwa kowane irin abinci. Jami'ar Michigan ta sa ƙamus ɗinta na Turancin zamanin Chaucer kyauta a intanet, kuma yana jera rubuce-rubucen kowace kalma, domin a lokacin ba a daidaita ƙa'idar rubutu ba. Harafin þ kuma ba p ba ne, th ake karanta shi.