Yadda ake rubuta Pali da Sanskrit, tsofaffin harsunan Indiya, da haruffan boko

Kafin ka rubuta komai, zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kansa. Ɗauki IAST, tsarin rubuta Sanskrit da Pali da haruffan boko, wanda ya samo asali daga taron masana na Geneva a 1894. Akwai kuma ISO 15919 na 2001, amma shi ṁ yake sawa inda IAST ke sa ṃ. Masu koyo kan kwafo daga nan da can, sai ka ga saṃsāra da saṁsāra a shafi guda.

Sai ka tantance harshen. Dharma da nirvāṇa Sanskrit ne, dhamma da nibbāna Pali ne. Kada ka gauraya su.

Dogon wasali dole a ja masa layi a sama: ā, ī, ū. Mu a Hausa muna jan wasali a baki ba ma nuna shi a rubutu, shi ya sa hannu ke mantawa. Banda e da o, su ba a sa musu komai.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ɗigon ƙasa: ṭ, ḍ, ṇ. Ana furta su ne da lanƙwasa kan harshe baya zuwa ganɗa, su kuwa t, d, n a jikin haƙora. A Pali, attha na nufin ma'ana ko amfani, aṭṭha kuwa takwas, ɗigo biyu ne kawai tsakaninsu. Lura kuma cewa nirvāṇa na da ɗigo, nibbāna ba shi da shi, don haka ba a cinkar ɗigo daga ɗaya harshen zuwa ɗayan. Duba ainihin rubutun, Devanagari na Indiya ne ko Sinhala na Sri Lanka ko na ƙasar Bama (Myanmar), domin a can haruffa ne mabambanta. Kuma ḍ ba ɗ ɗinmu ba ne, kada ka musanya su don allon wayarka ya fi saurin kawo namu.

Harafin c kamar na ciwo yake. Ph kuwa p ce mai fitar iska, ba f ba. Haka th da kh.

Wajen bugawa, ba sai ka sayi manhaja ba. Rubuta da tsarin Velthuis, wato aa don ā, .t don ṭ, ~n don ñ, sannan ka juya shi zuwa IAST a Aksharamukha, shafin intanet mai juya rubutu, kyauta ne. Adana a Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya na kwamfutoci, in ba haka ba ɗigogin za su watse a kwamfutar wani. Kalmar Pali da ka yi shakka, ka gwada ta da ƙamus ɗin Pali Text Society.