Yadda za ka nuna marowaci ya canza hali a bidiyon zane

Samarinmu na Maradi da suka shiga haɗa labari da zane a waya suna sawa a TikTok da Facebook, wallahi aiki na kyau, amma akwai wuri guda da ake yawan faɗuwa, wajen nuna mutum ya canza hali. Sai ka ga mugu yanzu-yanzu ya koma waliyyi, mai ba da labari ya ce "daga nan sai ya tuba" shike nan, ido bai ga komi ba.

Mu ɗauki Scrooge, tsohon marowacin Landan na littafin A Christmas Carol da Charles Dickens ya fitar a 1843. Fara da fuskarshi ka riƙe ta gam, hanci mai tsini, siraran leɓe, jajayen idanu. In da manhajar zane ta ibisPaint kake zane ka aje fuskar a gefe kana dubawa, in kuma manhaja ke fitar maka da hoto to ka sa ido sosai, tana son canza kama, ƴan kallo su ɗauka wani tsoho ne daban ya shigo.

Sai ka zaɓi abu guda da za ka nuna sau biyu. Ni dai wuta nake so. A farkon labarin ana tsananin sanyi, akawunshi Bob Cratchit na rawar ɗari gaban wutar da ba ta fi garwashi guda ba, akwatin gawayin kuma na ɗakin maigida ba mai taɓawa. Zana wannan da launin toka da shuɗi, ka matso kusa da yatsun Bob yana ɗumama su a kan kyandir. A ƙarshe da Scrooge ya ƙara mashi albashi ya ce a hura wuta, ka maido ɗakin nan dai, kujera inda take, ƙofa inda take, wutar kawai ta cika murhu har jan haskenta ya hau fuskar tsohon.

Tsakiya ita ce aikin, dan Allah kar ka yi gaggawa. Bayan fatalwar abokin kasuwancinshi Marley ta zo da sarƙa mai akwatunan kuɗi da kwaɗuna, aljanu 3 ke zuwa, kowane ya bar alama a jikinshi. Na farko ya nuna mashi yarintarshi shi kaɗai a lakkwal an watse an bar shi, nan hawaye guda ya isa, gira na nan a murtuke. Na biyu ya kai shi gidan Bob ya ga Tim, ƙaramin ɗan Bob gurgu, har ya tambaya ko zai rayu, to hannun da ke dunƙule tun farko ya fara saki. Na uku ya nuna mashi kabari da sunanshi a kai, sai nan zai durƙusa, kuma a CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ka cire kiɗa gaba ɗaya ka ja hoton a hankali zuwa kan dutsen kabarin.

Muryar Scrooge kuma ka ɗauka da dare in ƴan kabu-kabu sun rage, ta farko a bushe a taƙaice, ta ƙarshe da sakin fuska, ana ji ko ba a gani. Kafin ka saki ka tura ma wani ta WhatsApp ka duba a ƙaramar waya, don WhatsApp na matse bidiyo, hotunan duhu na wajen kabari sukan koma baƙi ƙirin, in haka ta faru ka ƙara masu haske kaɗan ka sake fitarwa.