Yadda za ku sa kamfani ya faɗi abin da yake zubawa a Gulbi

Duk wanda ya san Tibiri ta jihar Maradi a Nijar ya san illar bayanin da ya zo a makare. Shekara da shekaru ana shan ruwan wata rijiyar burtsatse da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafun wasu suka lanƙwashe, sannan magana ta fito fili. To in masana'anta ko majema ko masu kwasar yashi sun sauka kusa da ku, kada ku jira sai akuya ta faɗi.

Matakin farko shi ne littafi da biro. Ku naɗa mutum guda, mai haƙuri ba mai zafin kai ba, ya riƙa rubuta rana da lokaci: yau ruwan kwatar da ke gangarawa Gulbi ya fito baƙi da kumfa bayan isha'i, wari ya hana cin tuwo a tsakar gida. A ɗauki hoto da salula daga wuri ɗaya kullum, ta yadda wata alama za ta fito a ciki, ko bango ko itace. Ku ƙirga itatuwa tun kafin katafila ta iso. Gawo nawa, kalgo nawa, aduwa nawa, a gonar wa. Yawancinsu manoma ne suka raine su ta sassaben zamani tun shekarun 1980, kuma ranar biyan diyya wanda bai ƙirga ba sai abin da aka ba shi.

Na biyu, ku nemi takardu. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli da jama'a kafin a fara su. Ana kiran binciken EIES, hukumar BNEE ce ke duba shi, kuma a cikinsa akwai wani ɓangare mai suna PGES. Wannan ɓangaren shi ne naman maganar, don a nan kamfani ya rubuta da hannunsa yadda zai tace ruwa, inda zai kai shara, da itatuwan da zai mayar. Ku tambayi takardar shaidar amincewa da aka ba shi, da rahoton taron jin ra'ayin jama'a. In an ce an yi taro, a nuna muku sunayen waɗanda suka halarta. Idan wani ya ce sirri ne, ku tuna masa da dokar 2011-22 da ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma.

Takardun kamfanin da Faransanci suke, kuma masu kauri. Ku samu malamin lakwal ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya fassara muku alkawuran kaɗai, ku jera su gefe da abin da ke cikin littafinku.

Sannan wasiƙa. Gajera, kwafi huɗu, da sa hannun mai unguwa. A kai wa ofishin muhalli na jiha, a ba ma'aikatar magajin gari da kamfanin nasu kwafin, a tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kan wadda za ku riƙe. Tambaya uku sun isa: me ake zubawa, yaushe aka auna ruwan, ina sakamakon.

In an yi shiru, ku bi sawun kuɗin. Idan reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, wato IFC, ya zuba wa aikin jari, akwai ofishin karɓar koke a kan ayyukansa mai suna CAO, kuma talaka na iya rubuta masa kai tsaye.

Abin da na fi so a tsananta a kai shi ne dashen itace. Ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa, kowa gwani ne, ga riguna masu tambarin kamfani, ga masu ɗaukar hoto. Ku koma filin a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, ku ƙirga waɗanda suka rayu, ku sa adadin a wasiƙa ta gaba.

Kafin ku ɗora zargi a Facebook, ku sani dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna. Ku wallafa hoton da kwanan watansa da kwafin wasiƙar mai hatimi, ban da zagi.